Mai Ɗaukar Hoton Ƙashin Taurari

Saura ƙiris in bar labarin nan inda na tsince shi. Babu wanda ya mutu a ciki, babu wanda ya yi arziki, mai labarin kuma ba ta son a ambace ta ko a gaban mutum biyu. Amma ya ƙi barina in huta, to ga shi.

A Karaye ta ƙasar Maiyama akwai wata budurwa, Bushra. Tana aji huɗu na firamare ta bar makaranta, shekarar da kakarta Yalwa ta zame a bakin rijiya ta karye a ƙugu. Uwar Bushra ta rasu tun tana goye, ubanta kuma yana kudu yana sayar da albasa, sai da salla ake ganinsa. A ɗakin Kaka ta tashi, cikin gidan baffanta Attahiru. Da tsohuwa ta kwanta ba a ma yi shawara ba, mai kwana ɗakin ita ce mai jinya.

Ƙashi ya ɗinke, amma a karkace. Kaka tana taka ƙasa in an riƙe ta, kuma Bushra ce mai riƙon. Ita ke dafa ruwan wanka, ita ke tallabe ta zuwa bayi, ita ke goga mata goro a magogi tunda haƙora sun ƙare. In ta je ɗebo ruwa ta ɗan daɗe, tun daga zaure za ta jiyo muryar tsohuwa: "Ina bebiyar nan tat tahi?" Bebiya take ce mata, don Bushra ba ta da magana. In baƙo ya shigo sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Amma tana jin daɗin kiran nan har cikin ranta. Duk gidan babu wanda ake nema kamar ita.

Baffa Attahiru yana da 'ya ta fari, Ummukulsum. Ita an bar ta ta yi karatu har ta ƙure, yanzu tana koyarwa a jami'a a Aliero, tana kuma wani dogon bincike a kan taurari wanda babu wanda ya taɓa gane kansa a gidan. Wata Asabar, lokacin dashen albasa, ta zo gaisuwa cikin motar mijinta Malam Sadiƙ, da ledar lemu da gwangwanin madara. Bushra ta shimfiɗa tabarma a inuwar dalbejiya, ta fito da Kaka, ta gyara mata matashi a ƙarƙashin ƙugu, sannan ta koma gefe tana tsinke zogale.

"Ke mai gilashi," in ji Kaka, "har yanzu ba a gama ƙidayar taurarin ba? Mu da munka yi zamani, Zara da kaza da ɗiyanta sun ishe mu."

"Ba ƙidaya nike ba, tsohuwa. Bari yau in nuna miki, ki daina yi mini gori."

Ta buɗe kwamfutarta a kan cinya. Inna Zinatu, matar Baffa, uwar Ummukulsum, ta bar dakanta ta matso. Bushra ba ta tashi ba, amma daga inda take tana hango fuskar kwamfutar: baƙa wuluk, da wani farin ɗigo a gefen wani babban haske.

"Kaka, akwai manyan taurarin da in sun mutu, abin da ya saura sai shi dunƙule shi koma ɗan ƙarami. Hwaɗin guda bai wuce daga Maiyama zuwa Jega ba, amma ya hi rana nauyi."

"Ke ji tsoron Allah."

"Wallahi. To wasu guda biyu irinsu sun daɗe suna zagayen juna, har sunka yi karo. Can nesa na ƙwarai. Haskensu bai iso mana ba sai shekarar dubu biyu da sha bakwai."

"Mu dai ba mu ga komi ba, kuma a waje muke kwana da bazara."

"Ai akwai hasken da ido bai kamawa. Guda shi na wanda ke cikin rana yana ƙona hwata, ana ce mishi altirabayolet. Shi yaf fara hitowa, da ƙarhi, amma 'yan kwanaki ya dushe. Kin gan shi nan? To dubi hoto na gaba, babu shi."

Bushra ta duba. Ɗigon nan kuwa babu shi. Ta ji wani abu kamar tausayi, ta kuma ji tana son ta tambaya ina ya tafi, amma sai ta ci gaba da tsinke zogalenta.

"Gudan kuma," in ji Ummukulsum, "da farko an duba ba a ga komi ba. Sai da mako ya wuce sannan ya ɓullo, ya yi ta ƙaruwa wata da watanni. Iskar da ta lulluɓe duniya tana tare su duka biyu, shi ya sa na'urorin hangen suna can sama cikin tauraron ɗan'adam, su ɗauko su aiko. A kan wanga na biyu nike aiki. Eksire sunanshi."

Kaka ta ɗago kai daga matashi. "Eksire? Irin wanda anka yi mini asibitin Jega?"

"Hasken iri guda na, amma..."

Kaka ba ta tsaya jin amma ba. "Bushra! Tashi ki ɗauko hotona."

Hoton yana cikin wata babbar takarda ruwan ƙasa a bayan jeren kwalla, inda Bushra take kakkaɓe shi duk ranar sharar ɗaki. Tun ranar da aka ɗauke shi Kaka ba ta yarda da likitan da ya duba ba. Yaro ne, in ji ta, ko gemu bai da shi, kuma ya shigo bai gaishe ta ba. Bushra ta kawo, ta miƙa da hannu biyu.

Ummukulsum ta yi dariya har ta cire gilashi. "Kaka, ni ba likita ba ce. Tauraro bai da ƙashi. Can tauraron ke hidda hasken da kanshi, muna auna shi. Nan kuwa haske anka ratsa jikinki da shi. Aikin ba guda ba na."

"Kun ji ta. Haka uwarta take, in ta iya abu sai ta ce ba ta iya ba. Wadda ad duba ƙashin tauraro daga nan, nawa da ke gabanta mi zai gagare ta? Ɗaga ki duba."

Don a zauna lafiya Ummukulsum ta ɗaga hoton ta fuskanci rana. "To, ni dai na ga ƙashi."

"Alhamdulillahi! Ta gani."

Kafin la'asar labari ya zaga unguwa. Wata maƙwabciya ta shigo da hoton ƙirjin mijinta, wata ta zo da na hannun ɗanta wanda ya warke tun bara. Ummukulsum ta yi ta rantsuwa tana mayar da su, su kuma suna fita suna cewa yarinyar akwai ta da kawaici. Inna Zinatu sai murmushi take, ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba.

Duk wannan bai dami Bushra ba. Abin da ya tsaya mata a rai ya faru ne a ɗaki. Lokacin shafa man zafi ya yi, ta wanke hannu ta ɗauko kwalbar, sai Kaka ta ce, "Miƙa ma yayarki." Ta kama hannun Ummukulsum da kanta ta ɗora a kan ƙugun nan, wurin da shekara da shekaru babu hannun da ya taɓa sai na Bushra. Ummukulsum ta shafa yadda ta iya, tana tambaya ko akwai zafi.

"Babu ko kaɗan. Allah shi yi miki albarka. Hannun ilimi daban na."

Bushra ta tsaya a bakin ƙofa da murfin kwalba a hannu. Ita abin da take ji kullum shi ne, "A hankali, kashe ni za ki yi?" Ba ta taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba sai yau. Ta dubi hannun Ummukulsum, sumul, da ɗan zobe, ta dubi nata wanda sabulun wanki ya cinye gefen farce. Ta tuna da tana aji huɗu ita ce ta uku a lissafi. Ta rufe kwalbar da ƙarfi har murfin ya karkace.

Da Baffa Attahiru ya dawo daga fadama, Ummukulsum ta kawo maganar da ta zo da ita tun daga gida. Sanyi ya kusa, ƙugun Kaka kuma ba ya son sanyi. Gidanta a Aliero akwai bayi a cikin ɗaki, akwai famfo, babu dandamalin hawa. Akwai likitan ƙashi na gaske da za ta iya kai ta wurinsa, kuma tana da wata mata mai taimaka mata da aikin gida. A bar Kaka ta je ta yi sanyin bana a can.

Bushra tana bakin murhu, ko gezau ba ta yi ba. An sha yin wannan magana. Kaka ta sha cewa daga ɗakinta sai kabari.

"Gidan likita wa zai ƙi?" in ji Kaka. "Yaushe za mu?"

Muciya ta tsaya a hannun Bushra.

"Gobe in Allah ya kai mu," in ji Ummukulsum. "Amma Kaka, na hwaɗa miki..."

"Na ji, na ji, ba likita ba ce ke."

Inna Zinatu ta ce, "Kai, abin ya zo daidai. Bushra ma ta huta. Ga dashe ya kama, ta taya ni girkin 'yan aiki."

"Ta huta," in ji Kaka. "Ta gaji da ni."

Babu wanda ya waiwayo wajen murhu. Tuwon ranar ya yi gudaji, Baffa ya ci shi haka nan.

Da hantsin Lahadi Bushra ta haɗa kaya. Ta ninke zannuwa, ta saka carbi da magogi da man zafi, ta ɗora hoton a sama don Kaka ta ce kada a lanƙwasa shi. Matan unguwa suka cika tsakar gida don sallama. Wata tana cewa, "Yalwa, kin more, haihuwa ta yi rana." Wata tana cewa, "Ai sai mun gan ki kin dawo kina gudu." Kaka tana zaune cikin sabon mayafi kamar mai zuwa Makka, tana nuna Ummukulsum da haɓa. "Wagga kuke gani, hoton ƙashin taurari take ɗauka. Ni da nike da ita cikin gida, ina nan kwance ana ta murza ni kamar ƙullun waina."

Mata suka kwashe da dariya. Bushra tana tsaye da jaka a hannu. Ba ta shirya ba, ba ta ma san muryarta tana kai nan ba.

"Ba likita ba ce!"

Mata duka suka juyo suna kallonta.

"Da bakinta ta hwaɗa, ya hi sau nawa. Tauraron bai da ƙashi. Shi ke hidda hasken, ita aunawa kawai take. Ɗigo take kallo cikin kwamfuta, ɗigon ma wani ya ɓace. Ba za ta iya gyara ƙugun kowa ba!"

Ta so a ce Ummukulsum ta yi fushi, ta zage ta, ko ta yi kuka. Sai Ummukulsum ta tafa hannu.

"Alhamdulillahi! Ga wadda ta gane. Wallahi duk gidan nan Bushra kaɗai ta saurari bayanina. Kun ji dai, don Allah kada wanda ya sake kawo mini hoto."

Da gaskiyarta ta faɗa, fuskarta a sake. Wannan ya fi mari zafi.

Kaka kuwa ba ta yi dariya ba. Ta dubi Bushra daga sama har ƙasa. "Yau bebiya ta yi magana. Ashe abin da ke cikin tulun ke nan. To hassada ga mai rabo taki ce, 'yar nan."

Wata daga baya ta ce, "Kai, Yalwa, yarinya ce." Wata ta yi ƙasa da murya ta ce wani abu, na kusa da ita suka ƙyalƙyale. Bushra ta ajiye jaka, ta matso don ta ɗaga Kaka kamar kullum. Kaka ta janye hannunta.

"Bari. Ki huta."

Malam Sadiƙ da Ummukulsum ne suka ɗaga ta. Sun sha wahala a zaure, Kaka ta yi nishi har sau biyu, amma ba ta kira sunan kowa ba. Da aka zaunar da ita a mota, Ummukulsum ta dawo da sauri ta dafa kafaɗar Bushra. "Kada ki sa a ranki, kin san halinta. Zan kira wayar Inna ki hwaɗa mini yadda kike dama mata kunu."

Bushra ta gyaɗa kai. Har da kunun ma za a karɓe.

Ranar ta yi girki, ta ɗauki kwanuka a ka zuwa fadama. 'Yan aiki suna sunkuye cikin laka suna dasa irin albasa layi-layi. Duk wanda ta haɗu da shi a hanya sai ya ce, "Bushra, an huta." Tana amsawa da "Alhamdulillahi," ranta kuwa yana can a kan hanyar Jega. A zuciyarta ta shirya yadda abin zai kasance: ramukan hanya za su girgiza ƙugun, ɗakin zai yi wa Kaka baƙunta, za ta ƙi cin abincinsu, kafin magariba za a bugo waya a ce a zo da Bushra. Ta yi istigfari a kan wannan fata, ta sake yi, fatan bai tafi ba.

An bugo wayar kuwa, bayan magariba kaɗan. Inna Zinatu ta buɗe murya kowa ya ji.

"Zinatu!" Muryar Kaka ce, tas da ita. "Kin san ruwan zahi daga bango yake hitowa nan? Ba icce, ba hayaƙi. Na ci shinkafa da kihi. Ta nuna mini na'urar nan da ke sama, kamar tukunya mai hukahukai."

Bushra ta matso kusa, tana jira. Kaka ta tambayi Attahiru, ta tambayi akuyarta mai ciki, ta ce a gaida maƙwabta. Can a bayanta sai ga wata murya wadda Bushra ba ta taɓa ji ba, muryar mace, a sake, kamar ta saba: "Hajiya, ɗaga hannu in sa miki riga." Kaka ta ce, "To, ɗiyata." Wayar ta katse. Ko maganar kunun ba a yi ba.

Washegari Baffa Attahiru yana ɗaure damin iri a bayan babur, sai ya ga Bushra ta durƙusa a gefe, da hijabi, da ƙullin kaya a gabanta.

"Lahiya?"

"Baffa, Aliero nike son zuwa."

Ya saki igiyar. Bai tuna ranar da ta taɓa roƙonsa wani abu ba. "An kira ki?"

"A'a."

"Ta ce tana nemanki?"

"A'a."

"Kin san abin da kika hwaɗa jiya gaban mutane. Gidan yayarki na za ki shiga. Kunya za ki sha."

"Na sani."

"Girkin 'yan aiki hwa?"

Inna Zinatu ta leƙo daga madafa ta ce ai ba za a bar ta da tukunya uku ita kaɗai ba. Baffa ya dubi matarsa, ya dubi yarinyar. Sannan ya kwance damin irin ya jingine a bango.

"A nemo Salima ta gidan Mamuda ta kama miki," ya ce wa Inna. Ya juyo. "Ke kuma hau."

Ya kai ta Maiyama, ya damƙa ta a hannun wani direba da ya sani, ya yi masa kwatancen gidan. A Jega direban ya sa ta a wata motar. Duk hanya tana haɗa maganar da za ta faɗa wa Yaya Ummu, ta haɗa ta warware, don duk yadda ta fara da ban haƙuri sai ta ƙare da ƙorafi.

Rana ta ɗaga lokacin da ɗan kabu-kabu ya sauke ta a ƙofar gidan. Motar Malam Sadiƙ ba ta nan, masu gida sun tafi aiki. A bakin famfo wata mata ce mai jiki, tana waƙa tana wanki. Bushra ta gane zanen da ke cikin bahon tun daga ƙofa, shuɗin nan na Kaka mai zanen kifi. Ta ɗan rusuna mata, ta ajiye ƙullinta, ta naɗe hannun riga, ta janyo bahon gabanta.

"Ikon Allah," in ji matar. "Ke kuma daga ina?"

Daga cikin ɗaki muryar Kaka ta taso. "Wa na?"

"Wata yarinya ce, Hajiya. Ta ƙwace mini wanki, kuma ba ta magana."

Bushra ta ci gaba da cuɗa zanen, kunnenta yana wajen taga, kumfa tana hawa har gwiwar hannunta.

"In hwaɗa taz zo yi, ta koma inda ta hito," in ji Kaka. "In wanki na, akwai wasu zannuwa biyu nan kan kujera."

Bushra ta ɗauraye hannu, ta shiga ta ɗauko su.